Ina Ta Samo Zoben?

Ɗiyata, saƙonki ya iso tun ranar Laraba, ƙaninki ya karanta mini shi sau biyu saboda idona ba ya ɗaukar rubutun waya. Na yi dariya, daga baya kuma jikina ya yi sanyi. Kin ce tun da kika fara rubuta naki labarin, littattafan yaƙi da aljanu da kike raba dare a kansu sun daina yi miki daɗi, ɓaraka kawai kike gani. Kina tambaya ko a zamaninmu yaro yana iya tare mai tatsuniya ya ce ta yi kuskure, ko rashin kunya ne, da kuma dalilin da ya sa ake hana tatsuniya da rana.

A 1973 ina da shekara goma sha ɗaya. Shekarar da aka canza kuɗi ke nan, fam da sule suka koma naira da kwabo, kuma shekarar da ruwa ya ɗauke gero bai gama fidda kai ba. Lokacin ƙasar Ringim tana cikin jihar Kano, sai 1991 aka yanke mana Jigawa. Tuwon dare ya zama rabi, shi ya sa Iya, kakar babanki, take ja mana tatsuniya har barci ya ɗauke mu ba mu tuna da ciki ba. Tana zaune tana kaɗi, ga mazari, ga alli a gefe tana dangwala, a-ci-bal-bal tana ci da ɗan man gyaɗan da ya rage.

Wani dare tari ya hana ta magana, sai ta ce ni in yi. Na gyara zama na ce ga ta nan ga ta nanku, yara suka ce ta zo mu ji ta. Na ɗauko wata yarinya na kai ta gidan Dodo, na rufe ƙofa bakwai, na sa Dodo yana wasa wuƙa. Babanki har ya shige bayan zanen Iya. To, nan fa na tsaya, don ban san ta inda zan fito da ita ba. Sai kawai na ce ta murza zobenta, aljani ya zo ya ɗauke ta.

Mazarin Iya ya tsaya. Ba ta ɗaga murya ba, ta ce, "Ina ta samo zoben?" Na ce dama tana da shi. Ta ce, "Da tana da shi, me ta zauna yi har aka rufe ƙofa bakwai? Ba a fafe gora ranar tafiya, ko a tatsuniya." Yara suka kwashe da dariya, ta tsawatar musu, ta ce in koma farko in ba yarinyar zoben a hanya, in kuma faɗi abin da ta yi aka ba ta. Na koma. Na sa ta gamu da tsohuwa a bakin rafi ta cuɗa mata baya, tsohuwar ta ce zoben sau ɗaya tak yake aiki. Da na kai ta gidan Dodo karo na biyu, ko tari ba wanda ya yi, domin kowa yana jiran ya ga ko za ta ɓarnatar da shi tun a ƙofar farko.

Daga ranar kunnena ya canza. Na gane duk abin da zai ceci mutum a tatsuniyar Iya, tun da wuri ta ajiye shi a gabanmu, kuma ba ta bayar da shi a banza. Akwai wata maƙwabciyarmu da nake mutuwar son tatsuniyarta, sai na wayi gari ina jin inda take faci. Na yi kewar daɗin nan, ba zan ɓoye miki ba, kuma bai dawo yadda yake ba. Abin da ya same ki ke nan. Masaƙi ba ya kallon zane yadda mai saye yake kallonsa.

Littattafan naku kuwa ƙaninki ya karanta mini wasu. Jarumi ya sare mutum dubu da sara ɗaya, ya yi tafiyar wata uku a sahara, dokinsa bai sha ruwa ba, shi ma ba a ga ya ci ko ƙanzo ba. Mu da muka ga shanu suna faɗuwa a bakin rijiya, wannan ba ta shiga kunnenmu. Aljani na yarda da shi, amma doki dole ya sha ruwa. Laifin ba na marubutan ba ne su kaɗai. Kowa ya ƙule a ɗaki da wayarsa, ana sakin shafi kullum dare, masu karatu ba abin da suke cewa sai "a ci gaba". Wa zai tsayar da mazari ya tambaya? Sai dai ki lura, Iya tambaya ta yi, kuma ta hana a yi mini dariya. Kada in ji kin shiga cikin mutane kina yaga aikin wani don kin fara gane zare.

Maganar rana kuma, an ce mana wanda ya yi zai ɓata a kasuwa, har nakan riƙe zanen Iya gam ranar Lahadi a kasuwar Gujungu. In ta kama dole, sai a ce a ɗaure Gizo tukuna. Ni dai na san rana ta surfe ce da ɗiban ruwa.

In za ki zo da Babbar Salla, ki buga mini labarin naki a takarda da manyan baƙaƙe. Ƙaninki ya ce akwai wata laya da ta ɓullo a babi na uku, ina so in ji inda aka samo ta.