Tambaya da Amsa: Zaibar da ke cikin tsohon injin ƙirga ƙwayoyin jini

Tambaya: Assalamu alaikum. A ɗakin gwajinmu da ke Sabon Gari, Zariya, akwai tsohon injin Coulter na ƙirga ƙwayoyin jini, kuma mun ga zaiba a bututun gilashi da ke cikinsa. In mun tsiyaye ta, zai ci gaba da aiki?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ba zai yi ba, Malam, don zaibar ce mudun injin. Famfo ne ke zuƙo ta sama. Da an rufe makunni sai ta koma mazauninta, tana jawo samfurin jinin ta wata 'yar ƙaramar huda. Akwai wayoyi biyu a jikin bututun: zaibar ta taɓa ta farko, ƙirga ta fara. Ta taɓa ta biyu, ƙirga ta tsaya, an auna rabin mililita ke nan, misali. Mafita ita ce a ajiye injin a nemi injinan Coulter irin su Z1 ko Z2, waɗanda ba su da zaiba.

Kada ku tsiyaye ta. Ku cire bututun ɗungurungum. A kashe wuta, a zare soket, a buɗe tagogi, a kashe fanka da na'urar sanyaya ɗaki. A cire zobe da agogo, don zaiba na kama zinariya da azurfa. Mai ciki kada ta shiga ɗakin. A sa safar hannu ta roba, a ɗora injin kan faranti na roba mai baki, ban da na alminiyam, zaiba na cin sa. A toshe bakunan bututun kafin a kwance shi, a riƙe shi a tsaye, don mililita ɗaya ta kai giram 13.5, in ta kaɗa da ƙarfi tana iya fasa gilashin. A leƙa tiyo da kwalbar ruwan datti. Zuƙa in ta yi yawa, ɗigo kan tsere can.

In ta zuba, babu tsintsiya, babu injin zuƙe ƙura. Suna farfasa ta ne, tururin ya ƙaru. A haska tocila a karkace a ƙasa, a tattaro ɗigon da kwali, a zuƙe da sirinji, a barbaɗa garin farar wuta a tsagogin siminti.

Tururin ba wari, ba launi, kuma ƙwaƙwalwa da ƙoda yake taɓawa. Da zafin Afrilu ya fi tashi, shi ya sa muka fi so a yi aikin da sassafe.

Komai ya shiga roba mai kauri mai murfi, ita ma cikin wata, a rubuta "Zaiba, guba" a jiki, a kulle a wuri mai sanyi. Kada ta shiga kwata ko bola, kada a sayar wa masu haƙar zinariya. Ku tuntuɓi hukumar kare muhalli ta tarayya, NESREA, kan wanda ke da izinin kwashewa.