Tambayoyi da Amsoshi: The Sting, faifan da ya ƙi aiki, da asusun da aka yashe

Wasiƙun wannan mako sun taru ne a kan fim guda, wato The Sting na shekarar 1973, wanda George Roy Hill ya ba da umarni, Paul Newman da Robert Redford kuma suka fito a matsayin 'yan damfara biyu da suka haɗa kai a Shikago ta 1936 domin su raba wani riƙaƙƙen shugaban 'yan daba da dala 500,000. Fim ɗin ya ci kambun Oscar guda 7.

Tambaya: Ƙanena ya aiko mini da faifan DVD na fim ɗin daga Amurka, amma na'urata ta ƙi karɓarsa. Ko ya lalace ne a hanya? (Mai karatu daga Zariya)

Amsa: Lafiyarsa ƙalau, Malam. Kamfanonin fim sun raba duniya shiyya-shiyya, na'urar wata shiyya ba ta karɓar faifan wata: Amurka tana shiyya ta 1, Najeriya da Nijar suna ta 5. Ka gwada shi a kwamfuta da manhajar VLC, sau da yawa tana buɗe shi. Kada ka yi ta sauya shiyyar na'urar karanta faifai ta kwamfutar, domin sau 5 kawai ake yarda, daga nan ta kafe a kan ta ƙarshe. Nan gaba ka ce masa ya sayo faifan 4K, wanda ya fito a 2021, domin irinsa ba shi da shiyya, in dai kana da na'urar da ke karanta shi.

Tambaya: Na nemi fim ɗin a intanet, wani shafi ya ba ni shi kyauta. Na sauke fayil mai nauyin megabait 12 da sunansa ya ƙare da .apk, na girka shi, na kuma amince da duk abin da ya tambaya. Fim bai fito ba, washegari kuɗin asusuna suka fita. Me ya faru? (Mai karatu daga Kano)

Amsa: Allah ya mayar da alheri, ɗan'uwa, amma dole in faɗa maka cewa ka je neman kallon damfara sai aka ba ka matsayin wanda ake damfara. A cikin fim ɗin, mutanen nan sun buɗe gidan cacar tseren dawaki na bogi, da ma'aikata na bogi da 'yan caca na bogi, suka sa shugaban 'yan daban ya gaskata cewa suna samun sakamakon tseren ta wayar tangaraho kafin kowa, shi ya sa ya kawo kuɗinsa da hannunsa. Shafin da ka shiga haka aka gina shi, da hoton fim da ƙaton maɓallin saukewa da yabon waɗanda wai sun riga sun kalla, kuma ba wanda ya ƙwace wayarka, kai ne ka buɗe musu ita.

Abin da ke ba ni haushi shi ne alamun a fili suke. Fim ɗin nan minti 129 ne. Faifan DVD yana ɗaukar gigabait 4.7 ko 8.5, Blu-ray yana ɗaukar 25 ko 50, kuma ko kwafin da masu tura fina-finai a waya suka matse shi har fuskoki suka dagule yana cin ɗaruruwan megabait. To, ta yaya sa'o'i biyu da 'yan mintuna za su shiga cikin megabait 12? Sannan fim fayil ne da ake buɗewa, sunansa kan ƙare da .mp4 ko .mkv ko .avi, ba a girka shi. Duk abin da ya ƙare da .apk manhajar Android ce. Wayarka ma ta gargaɗe ka cewa abin ya fito daga wurin da ba a sani ba, ka tsallake gargaɗin. Daga nan ya nemi izinin karanta saƙonninka, ka ba shi, ba tare da ka tambayi kanka me Paul Newman zai yi da saƙon tes ɗinka ba. Ta wannan izini ne ake ganin lambar sirrin da banki ke turowa don tabbatar da fitar kuɗi, kuma idan ka ƙara masa da izinin Accessibility, wanda aka yi don taimaka wa masu naƙasa sarrafa waya, yana iya ganin abin da ke kan allonka, har ya danna maɓallai a madadinka.

Yanzu ka kashe data, ka kira bankinka da wata wayar a rufe asusun da katin. Ka kwashe hotunanka, ka mayar da wayar yadda ta fito daga kamfani, domin goge manhajar kaɗai ba ya gamsar da ni. Ka sauya dukkan kalmomin sirri daga wata na'urar, musamman na imel. Masu kwamfuta kuma kada su yi dariya, domin Windows yana ɓoye ƙarshen sunan fayil idan ba a ce ya nuna ba, saboda haka abin da kuke gani fim.mp4 yana iya zama fim.mp4.exe. Ni dai layin da banki ke turo mini saƙo yana cikin ƙaramar waya mai maɓallai wadda ba ta girka komai, kuma ba zan gaji da ba ku wannan shawara ba.

Tambaya: Na sayi Blu-ray na asali, amma hoton yana da ɗige-ɗige, kalarsa ta yi ƙasa-ƙasa, motsin mutane kuma ya yi santsi fiye da kima. An cuce ni ne? (Mai karatu daga Maraɗi)

Amsa: Ba a cuce ki ba, Hajiya. Ɗige-ɗigen na fim ɗin 35mm ne da aka ɗauka da shi, kalar kuma da gangan aka yi ta don ta yi kama da shekarun 1930, shi ya sa ma ya buɗe da tsohon tambarin Universal. Santsin motsin kuwa laifin talabijin ɗinki ne, wanda ke ƙirƙiro hotuna yana cusawa tsakanin 24 na asali da ke cikin kowace daƙiƙa. Ki kashe TruMotion idan LG ce, Motionflow idan Sony ce, Auto Motion Plus idan Samsung ce, ko ki zaɓi Filmmaker Mode idan akwai. Siririn baƙin layin da ke sama da ƙasan allo kuma ki bar shi, kada ki ja hoton har kawunan mutane su yi tsawo.

Tambaya: Faifaina na Ingila minti 124 ne. An yanke wani wuri ne? (Mai karatu daga Kumasi)

Amsa: Ba a yanke komai ba. Tsarin talabijin na PAL, wanda faifan DVD na Ingila ke bi, yana nuna hoto 25 a daƙiƙa a maimakon 24, don haka fim ɗin yana gudu da ƙarin kusan kashi 4 cikin 100, har kiɗan fiyanon Scott Joplin da ke cikin fim ɗin ma yana ɗan ɗaga murya.

Tambaya: Ina da kaset ɗin bidiyo na fim ɗin tun na mahaifina. Yaya zan mayar da shi cikin memori? (Mai karatu daga Katsina)

Amsa: Kana buƙatar na'urar bidiyo mai aiki da ƙaramar na'urar ɗaukar hoto ta USB da ake haɗawa da kwamfuta, kuma aikin zai ci tsawon fim ɗin gaba ɗaya. Amma hoton kaset bai kai na DVD ba ko kusa, kuma wannan fim yana nan a kasuwa. Ka yi wahalar a kan kaset ɗin biki da suna na gidanku, ka kuma duba ko zaren ya yi fumfuna kafin ka saka shi, domin yana ɓata ɓangaren na'urar da ke karanta zaren.