Amsa: giyar motar Technic ta ƙi juyawa

Malam, ka ce ka gama harhaɗa motar LEGO Technic ɗinka, wato motar wasa da ake haɗawa da guntayen roba, amma tayoyin sun yi tauri. Kada ka wargaza ta tukuna.

Fara duba 'yan fil ɗin da ke haɗa sassan. Baƙaƙen suna riƙewa gam, masu ruwan toka su ne ke barin abu ya juya. Musanya ɗaya kawai ya isa ya cije komai. Sannan zoben da ke tare giya a kan sanda, kada ka matse shi, bar ɗan sarari kamar kaurin takarda.

Ni dai bayan kowane mataki sai na murza giyar da yatsa kafin in rufe ta, domin tono kuskure daga cikin mota mai guntaye 3,599 irin Bugatti Chiron ba wasa ba ne.