Yaya zan sa Trello da Bitly su riƙa aiki tare, alhali ban iya rubuta manhaja ba?

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Mu huɗu ne muke kula da shafin wata ƙaramar ƙungiya. Duk rubutu ko sanarwar da za mu fitar muna buɗe mata kati a Trello, manhajar da muke tsara ayyukanmu a cikinta, mu saka adireshin shafin a ciki. Idan lokacin yaɗawa ya yi, ni ce nake kwafe adireshin, in kai Bitly in gajarta, in dawo in manna a katin. Wata rana in manta, wata rana wani ya riga ni gajartawa da nasa asusun, sai lissafin waɗanda suka danna ya rabu biyu. An ce min ana iya haɗa su su riƙa yi da kansu. Da gaske ne? Ni dai ban iya rubuta manhaja ba.

AMSA: Da gaske ne, 'yar'uwa, kuma ba sai kin rubuta ko layi ɗaya ba. Abin da kike bukata ɗan aike ne da zai zauna tsakanin manhajojin biyu, kuma sanannu a wannan aikin su ne Zapier da Make, wanda ake kira Integromat kafin 2022. Duka biyun tsarinsu ɗaya: ki nuna musu abin da idan ya faru za su tashi, sannan ki jera abin da za su yi bayan sun tashi. Za su nemi izinin shiga asusunki na Trello da na Bitly sau ɗaya. Ki tabbata asusun Bitly na ƙungiya kika ba su, domin wannan kaɗai ya kashe matsalar rabuwar lissafi.

Haɗa su aikin rabin awa ne. Abin da ya fi cin tunani shi ne yaushe ɗan aiken zai tashi, kuma a nan mafi yawan masu farawa suke tuntuɓe. Abin da ke fara zuwa wa mutum a rai shi ne ya ce, da zarar an buɗe sabon kati a gajarta adireshin da ke ciki. Kada ki yi haka. A lokacin da aka buɗe kati, sau da yawa rubutun bai ma hau shafi ba. Abin da ke ciki adireshin daftari ne, ko kuma babu komai. Ko akwai adireshin, ana iya gyara kanun rubutun gobe ya canza. Sai ki wayi gari da gajeren adireshi mai kai mutane inda babu kowa.

Ki buɗe sabon jeri a allon Trello, ki sa masa suna, misali "A shirye don yaɗawa". Ki gaya wa abokan aikinki ba a jawo kati cikinsa sai rubutu ya hau shafi kuma an duba. Jawo katin shi ne zai tayar da ɗan aiken. A Zapier za ki ga an rubuta shi "Card Moved to List". Daga nan matakai biyu suka rage: Bitly ya karɓi dogon adireshin ya ba da gajere, sai a mayar da gajeren cikin katin da ya tayar da aikin.

Akwai ɗan abin lura wajen miƙa wa Bitly adireshin. Idan bayanin katin ya ƙunshi surutu da adireshi a cakuɗe, Bitly ba zai tsince shi da kansa ba. Ko dai ku yarda cewa adireshin kaɗai za a riƙa rubutawa a wurin bayani, ko ki saka mataki ɗaya a tsakiya da zai zaro shi; a Zapier kayan aikin da ake kira Formatter yana yin wannan. Ni na fi son hanya ta farko. Duk matakin da kika ƙara, kin ƙara wurin da abu zai iya lalacewa.

Wajen mayar da gajeren adireshi kuma, ki sa a rubuta shi a matsayin sharhi a ƙasan katin, kada a goge dogon a maye gurbinsa. Dalilin farko, ranar da gajeren ya ba da matsala kina bukatar asalin. Na biyu kuwa na sha shi da kaina. Na taɓa shirya irin wannan tsari, na ce ya tashi duk lokacin da aka gyara kati, ya kuma ƙara gajeren adireshi a ƙarshen bayanin katin. To ƙara adireshin ma ai gyara ne. Sai ya tashi, ya rubuta, ya ga an gyara, ya sake tashi. Na dawo daga cin abinci na tarar da kati ɗaya ɗauke da gajeren adireshi iri ɗaya layi bayan layi, kason da aka ba ni na wata kuwa ya yi nisa. Idan jawo kati ne mafari, sharhi kuma shi ne ƙarshe, maciji ba zai ciji jelarsa ba.

Sai batun kuɗi, don na san zai taso. Tsarin kyauta na Zapier matakai biyu kawai yake bari, wato abin da ya tayar da aiki da kuma aiki ɗaya. Naki matakai uku ne, don haka sai an biya. Make yana barin matakai da yawa a kyauta, da kason aiki 1,000 a wata, amma yana da tarko: idan irin tsarin da ke leƙa Trello lokaci-lokaci kika zaɓa, kowace leƙawa ana cire ɗaya daga kason ko da bai tarar da komai ba. Leƙawa duk minti 15 sau 96 ke nan a rana, kusan 2,880 a wata. Kin ga kason ya ƙare tun kafin tsakiyar wata, ba a gajarta komai ba. Ki mayar da shi duk awa biyu, ya zama 360, sauran ya ishe ku. Bitly ma a kyauta adadin da yake bari a wata kaɗan ne, kuma suna sauya shi, saboda haka ki duba shafin farashinsu ki kwatanta da yawan abin da kuke fitarwa.

Wani abu da zai amfane ki tunda kin damu da lissafi: idan kika ba Bitly adireshi iri ɗaya sau biyu daga asusu ɗaya, gajere ɗaya yake maido miki. In kina son sanin ko daga Facebook mutane suka fi zuwa ko daga WhatsApp, sai a liƙa wa dogon adireshin wutsiya kafin a gajarta, irin su ?utm_source=facebook a ɗaya, ?utm_source=whatsapp a ɗayan. Ɗan aiken zai iya yin wannan, ya ajiye miki gajeru biyu a sharhi ɗaya. Amma ki bari sai tsarin farko ya yi mako biyu yana tafiya lafiya.

Abin da ba zan so ki sa a wannan tsari ba shi ne takardun cikin gida, irin wanda aka buɗe wa "duk mai adireshin". Dogon adireshinsu shi ne makullinsu, saboda ba mai iya cankarsa. Gajere kuwa haruffa ne 'yan kaɗan, kwamfuta za ta iya gwada su ɗaya bayan ɗaya. A 2016 Martin Georgiev da Vitaly Shmatikov sun nuna hakan a wani bincike, inda suka bi gajerun adireshi suka isa ga takardun mutane da ke ajiye a OneDrive, ma'ajiyar Microsoft ta intanet. Don haka jerin "A shirye don yaɗawa" na abin da duniya za ta gani ne kawai.

Kuma gajeren adireshi aro ne, yana raye ne muddin kamfanin da ya ba ki yana riƙe da shi. Google ya rufe ƙirƙirar sababbin gajerun adireshinsa na goo.gl a 2019, daga baya kuma ya kashe waɗanda aka daina amfani da su a 2025. Idan akwai adireshin da za ku buga a takarda ko ku ajiye shekaru, gara ku haɗa sunan shafinku da Bitly ko Rebrandly ko Short.io, yadda in kun sauya kamfani sunan zai bi ku.

Kafin ki sanar da abokan aikinki, ki buɗe katin gwaji, ki saka adireshin wani tsohon rubutu, ki jawo shi cikin sabon jerin. Idan sharhi ya bayyana, ki danna gajeren ki ga inda ya kai ki. Sannan ki sake gwadawa da kati marar adireshi ko kaɗan, ki ga abin da zai faru, ki kuma tabbata saƙon kuskure yana zuwa imel ɗin da kike buɗewa kullum.