Tambaya da Amsa: "Invite" ko "Invitation"?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Muna shirin buga katin bikin ƙanwata, sai gardama ta kaure tsakanina da yayana. Shi ya ce a rubuta "wedding invite", ni kuma na ce "invite" aikatau ce, ba a yin suna da ita. Wa ke da gaskiya? Kuma ina asalin kalmar?
Wata mai karatu, Zariya

AMSA: Wa alaikumus salam Malama, Allah ya sa a yi taro lafiya. A kan kati dai ke ce da gaskiya, amma yayanki ma bai yi kuskuren nahawu ba.

Tushen kalmar Latin ne, "invitare", wato a kira mutum a karɓi baƙuncinsa. Faransanci ya mai da ita "inviter", Ingilishi kuma ya ɗauke ta a ƙarni na 16. "Invitation" ma ta riga ta shiga, tun ƙarni na 15. Amfani da "invite" a matsayin suna kuwa ba 'yan WhatsApp suka ƙago shi ba, yana cikin rubuce-rubuce tun ƙarni na 17. Sai dai har yau maganar hira ce tsakanin abokai. Katin da za a kai wa dattawa da surukai, da takardar ofis, "invitation" ta dace da su.

Lafazin ma ya bambanta. In aikatau ce, a gaɓa ta biyu ake danna murya: in-BAIT. In suna ce, a ta farko: IN-bait. Wannan "b" kusantarwa ce kawai, harafin "v" da leɓen ƙasa da haƙoran sama ake furta shi.

Inda masu buga kati suka fi tuntuɓe shi ne ɗan kalmar da ke biye. Taro ko wuri "to" yake ɗauka: "invite you to the wedding". Da yawa suna rubuta "for the wedding", alhali "for" ta fi zama da abinci ko ganawa, kamar "for dinner" da "for an interview". In aiki ake gayyatar mutum ya yi, sai "to" da aikatau tsurarta: "invite you to attend", ba "to attending" ba. Kada kuma a manta da "d" a "you are invited", domin shi ke nuna kai aka gayyata.

Kalmar tana da wata ma'ana da Bahaushe ba zai ce gayyata ba: "invite trouble" jawo wa kai fitina ne, "inviting" kuma abu mai jan hankali. Ɗan gayyar soɗi shi ne "uninvited guest".

Idan za ku sa RSVP a ƙasan katin, ku sani taƙaitaccen Faransanci ne, ma'anarta "don Allah a ba da amsa". Saboda haka ba a ƙara mata "please", sai dai lambar wanda za a kira.