Muryar Anti daga Winifeg: shirin sanyi

Assalamu alaikum. Amarya, na ji saƙonki tun jiya, hidima ce ta riƙe ni. Kin ce wannan ne sanyinki na farko a Kanada, me za ki tanada. To, saurara.

Ki fara cire hunturun Kano daga ranki. Nan Winifeg a Janairu digiri 20 ƙasa da sifili ba abin labari ba ne, in iska ta taso jiki har kamar 40 yake ji. A Disamba huɗu da rabi na yamma rana ta faɗi. Ranar da dusar ƙanƙara ta sauko da iska, ko gishiri ne ya ƙare miki haƙura za ki yi.

Yanzu a Satumba tumatir yake araha, kwali guda za ki saya. Ki markaɗa da tattasai da attaruhu da albasa, ki tafasa har ruwan ya tsotse, ya huce, ki ƙulla a leda, kowane ƙulli miya ɗaya. Ki kwantar da su a firiza, a kwance ba sa cin wuri sosai. Nama kuwa maigidanki ya shiga watanda da mazan nan, suna zuwa gona a yanka. Shinkafa, semo, wake, manja, ki ajiye na wata biyu. Kuka da busasshiyar kuɓewa in kin rasa ki zo, ina da su. Ki ajiye ruwan kwalba da tocila da abin ci da ba sai an dafa ba, na kwana uku, saboda ɗaukewar wuta.

Yauwa, ga inda nake so ki buɗe kunne. Kar ki kuskura, don Allah don Annabi, ki hura gawayi a cikin gida. A gida muna jin ɗumin garwashi a kasko saboda iska na shiga ta ko'ina. Gidajen nan a toshe suke ruf. Iskar da gawayi ke fitarwa ba wari ba launi, ciwon kai da barci kawai, shi ke nan. Ki duba ko akwai na'urar da ke ƙara in ta ji wannan iskar, ki danna ki ji tana aiki. Turaren wuta ma ki koma kaskon lantarki.

Kuma kar ku kashe hita in za ku yi tafiya. Mu shekararmu ta farko wai tsimi, muka kashe muka tafi Toronto kwana biyar. Bututun ƙarƙashin wurin wanke-wanke ya daskare ya fashe, muka dawo kafet na iyo.

Tagogi ki manna musu ledar nan ta sanyi. Mota kuma maigidanki ya sa mata tayoyin sanyi, ya riƙa jona ta da wuta da daddare, in ba haka ba da safe ba za ta tashi ba. Man kaɗanya kuwa ki ɓoye naki, kar ki rabar.

Bari in je, yara sun dawo. Asabar ki zo da ledojinki mu yi markaɗen tare.