Tukwanen da Suka Fashe da Zanen da Ya Sha Ƙura

Ɗana, na ji tambayarka. Ka ce tun da ka tare a sabon ɗakin aikinka, tukwane uku cikin bakwai da ka fara gasawa sun fashe a tanderu, ga kuma zanen fentin mai da ka jingine a gefe ya yi kaushi kamar an barbaɗa masa gari. Wai ko yumɓun ne ba shi da kyau? Ƙyale yumɓu ya huta. Laifin naka ne, sai kuma na ɗakin.

Tukwanen ba su bushe ba ka kai su wuta. Na san za ka ce ai ka taɓa ka ji. To hannu maƙaryaci ne a wannan wurin. Ɗauki tukunyar ka kara gindinta a kuncinka. In ka ji sanyi, da sauran ruwa a ciki, ko da bakinta ya yi fari fat. Sabon gini kuwa shi kansa a jiƙe yake, siminti na ta fitar da laima har watanni, don haka abin da zai bushe cikin kwana biyar a wurina yana iya cin sati biyu a wurinka. Da zafi ya kai digiri 100 a ma'aunin Salshiyas, ruwan ya zama tururi, tururin kuma yana neman fili fiye da ninki 1,600 na ruwan da ya haife shi. Ta ina zai fita a gindin da ya kai kaurin yatsa biyu? Dole ya fasa. Za ka ji ana cewa iska ce ta maƙale a cikin yumɓu. Ni dai yawancin fashewar da na gani, ruwa ne.

Saboda haka ka riƙe wutar ƙasa da digiri 100 na wasu sa'o'i, murfin a ɗan buɗe. Kara madubi a bakin kafar hayaƙi: muddin yana yin gumi, kada ka ƙara wuta. Akwai wani tudun kuma a digiri 573, inda yashin cikin yumɓu ke kumbura farat ɗaya. Bi wurin sannu, a hawa da sauka, in ba haka ba ka sami siririyar tsaga wadda ba ka gani sai ka ƙwanƙwasa ka ji tukunya ta yi shiru maimakon ta yi amo. Gashin farko wajen digiri 1,000 ya wadatar.

Zanen kuma, ƙurar yumɓunka ce ta hau shi. Fentin mai ba ya bushewa irin na wanki. Iska yake sha yana daskarewa a hankali, ya yi kwanaki yana danƙo, duk abin da ya sauka a kansa kuma ya zauna ke nan. Raba ɗakin biyu ko da labule mai kauri ne, ka bar wa zane ɓangaren taga, ka riƙa juya fuskarsa ga bango ba tare da ya taɓa ba.

Tsintsiya kuwa, fitar da ita yau ɗin nan. Busasshen yumɓu yana ɗauke da silika, wato ƙurar yashi mai laushi, kuma wadda ta fi illa ita ce wadda ido ba ya gani. In ta shiga huhu ba ta fitowa. Da jiƙaƙƙen tsumma ake share ɗakin magini. Tsumman da ka goge man fenti da su kuma kada ka dunƙule su a lungu, suna iya ɗaukar zafi su kama wuta da kansu. Jefa su cikin gwangwani mai ruwa da murfi, nesa da tanderu.

Tsingaron nan kada ka zubar. Daka su, ka tankaɗe, ka cuɗa a sabon kwaɓi, za su buɗe wa tururi hanya. Amma ka ware mini gindin guda ɗaya, in ka zo ina so in ga kaurinsa da idona.